Kogin da Na Gina wa Haj a Sabha

Na sauka Sabha a shekarun da kuɗin man fetur ya cika Libiya har ya rasa inda zai zauna. Kafin nan na daɗe ina cin abinci da wutar lantarki, kuma a bakin ruwa na koye ta. Na fara riƙe sifana, wato ƙarfen ɗaure noti, a babbar madatsar da aka gina a kan Kwara, ƙarƙashin Italiyawa, a bakinsu na tsinci yarensu. Faransanci na makaranta ne, Turanci na wurin aiki. Daga baya na yi aiki a madatsar Ghana, na leƙa ta Masar, inda Larabcina na allo ya koyi shiga kasuwa. Na faɗi wannan ne don a san cewa abin da na yi a Sabha ba cikin jahilci na yi shi ba.

A madatsa ruwa ne maigida. Kowace safiya akwai wanda yake sauka ya karanta ma'aunin da aka kafa a jikin bango, kuma daga babban injiniya har mai shara kowa yana son jin abin da ya gano. Kwara tana kawo ruwa sau biyu: farin ruwa na daminarmu, sai baƙin ruwa da yake isowa da rani daga can yamma bayan ya yi watanni a hanya. Da su ake tsara shekara. Wutar da muke yi ita ke juya masaƙu a Kaduna da Kano, daga baya har aka ja waya aka ƙetare iyaka ana sayar wa Yamai. Ta fi kowace wuta araha, domin injin mai sai ka sayo masa abinci kullum, kogi kuwa Allah ke ciyar da shi. Da almuru, idan birane suka kunna fitilu gaba ɗaya, ƙofa kawai za a ƙara ɗagawa, kafin ka shanye shayinka an cike gurbin. Amma Kwara ba a yi mata dole. A shekarun fari na ga an kwantar da injuna lafiyarsu lau saboda ruwa ya ja baya, masu masana'antu suna ta bugo waya suna faɗa, kogi bai ma san suna yi ba. Na kuma san garuruwan da aka tasa aka nutsar kafin a sami wannan wutar, na ci tuwo a gidajen wasu daga cikin mutanensu. Wanda ya ga haka ba ya fita daga ɗaki ya bar fitila a kunne.

A Sabha sai na tarar da abin a kife. Babu kogi, babu rafi, ruwan sama sai a shekara ba a ga ɗigonsa ba. Wuta daga injunan mai take fitowa, kuma da ita ake jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa. Wutar nan kusan kyauta ce, don haka babu mai ganin girmanta. Fitilun titi suna ci da rana tsaka. Na shiga ofisoshin da na'urar sanyi ke ta gurnani, tagogi a buɗe, ba kowa a ciki. Firji idan ya yi tari sai a jefar da shi bayan gari a sayo sabo. Mu baƙi da muke kwana a unguwar Tayuri kuwa, waya ɗaya siririya gidaje da yawa ke rataye a jikinta kamar jemagu. Da na sami aiki a wani ƙaramin shagon gyaran injin famfo a unguwar Mahdiya sai na kama ɗaki a can.

A shagon nan Haj, wato Alhaji a bakinsu, ya same ni. Balaraben garin ne, ɗan kasuwa, ya yi shekaru yana kai kaya Agadas da Damagaram da Kano tun kafin mai ya zo, kuma yana jin Hausar kasuwa, mai kaifi marar ado. A lokacin motocinsa ke ɗauko siminti daga bakin teku. Ya je Turai neman maganin ƙoda, wani ya kai shi yawo ya ga madatsa a tsakanin duwatsu, abin ya zauna masa a rai.

"Usta," in ji shi, haka suke kiran mai sana'a, "an ce kai ka yi aikin wuta na ruwa."

"Na yi, Haj."

"To madalla. Ni ina so ɗaya a gona."

Na ɗauka wasa yake yi. Na ce to sai ya sayo kogin tukuna, ni kuma in zo da sifana.

"Kogi akwai. Yana ƙasa. Na haƙa."

Ya ja kujera ya zana mini da yatsa a kan ƙurar tebur. Yana da gona a bayan gari, da rijiyar burtsatse mai zurfi, da wani baƙin dutse a gefe. Yana so famfo ya hau da ruwa kan dutsen, ruwan ya gangaro ya juya inji, injin ya kunna fitilun rumfar da yake saukar baƙi, sannan ruwan ya wuce ta gaban rumfar yana ƙara, kamar yadda ya gani a Turai.

Na ce, "Haj, wutar da za ka ƙona kafin ruwan ya hau ta ninka wadda zai ba ka in ya sauko. Kamar mutum ne ya ɗauki jakinsa a ka ya hau dutse, don ya hau shi su sauko."

Ya yi dariya har da bugun cinya. "To in jaki kyauta ne, dutse nawa ne, kan kuma ba nawa ba? Usta, kowa a Sabha yana da wuta. Wa yana da kogi?"

Na karɓi aikin. Zan iya cewa don ya yi alkawarin samo mini iƙama, wato takardar izinin zama, kuma ya samo, ya ajiye ta tare da fasfona a cikin akwatinsa kamar yadda iyayen gida suke yi. Amma gaskiyar ita ce hannuna ya yi kewar aikin. Na gaji da naɗa waya a cikin ƙonannun injuna, ga wani ya ce in gina abin da na sani daga tushe, ba Bature a kaina.

Maginin da ya haɗa ni da shi Bazabarme ne daga wajen Doso, ya girme ni nesa, gashinsa fari kamar simintin da ya bushe. Ni Bagobiri ne, taubashina ke nan, don haka tun ranar farko bai raga mini ba.

"Bagobiri, an ce kun daina yaƙi kun koma ɗinka wa rairayi kogi. Kifin fa, yaushe za a kawo?"

"Kai za mu fara sakawa. Ka fi kama da tarwaɗa."

"Ji bawa yana zagin ubangidansa. Miƙo mini cokalin ginin can kafin in sayar da kai."

Shi ya gina tafkin siminti a kan dutse da magudanar da ta bi ta gaban rumfa. Ni na tsaga bututun ƙarfe na yi cokula, na jera su a bakin wani faifan ƙarfe, na haɗa shi da dainamon wata babbar mota da ta mutu. Ba zan ɓoye ba, aikin ya yi kyau.

Bayan katangar gonar akwai wani tsoho mai lambun dabino. Baƙin mutum ne siriri, ɗan asalin wurin, kuma yana jin Hausa irin ta da, wadda ya ce a bakin kakarsa ya sha ta. Wasu kalmominsa rabon da in ji su tun ina zaune gaban tsofaffin garinmu. Rijiyarsa ba ta da zurfi. Jaki ke jan wasaki, wato babban gugan fata: ya gangara wani rami da aka haƙa masa, wasakin ya taso ya juye a kwami, wani ɗan ramin tara ruwa, ruwa ya bi ƙananan hanyoyi zuwa sha'ir da albasa da ciyawar awaki da ke ƙarƙashin itatuwan. Dabinon kansu ba ya ba su ruwa sosai, ya ce saiwarsu ta san hanya. Da azahar yakan kira mu inuwa, ya dafa shayi mai kumfa, ya nuna mana wanda kakansa ya dasa da wanda ya dasa ranar da aka haifi ɗansa na fari. Ɗan yana cikin gari yana aikin gwamnati, ya daɗe yana roƙonsa ya bar wahalar nan ya koma wurinsa. Tsohon ya ce shi ba zai iya kwana a bene ba, inda mutum ke yin bayan gida a saman kan wani.

Ranar da aka buɗe kogin Haj ya yanka raguna. Baƙi suka cika rumfar da rana tsaka, aka kunna famfo, ruwa ya zubo, faifan ya ɗauka, fitilu suka kama. Rana ta fi su haske, sai ka kare ido da hannu kafin ka tabbata suna ci. Haj ya tsaya yana gaya wa baƙinsa cewa wannan wutar ba ta shan ɗigon mai. Daga inda nake tsaye ina jin gurnanin babban famfon a bayan dutse, yana zuƙar wutar gari kamar maraƙi. Wani mai babban tumbi ya ce ya kamata a yi irin wannan a duk faɗin yankinsu na Fezzan. Suka ci, suka wanke maiƙon hannunsu a magudana, suka watsa ƙasusuwa da gwangwanaye a ciki, ruwan ya tafi da su. Ni ma na ci naman.

Inda ruwan yake ƙarewa ba a kai baƙi ba. A bayan dutsen akwai wani kwari mai gishiri, nan muka sake shi. Cikin 'yan makonni ya zama fadama mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, gefenta fari fat, sauro ya samu gida a ƙasar da ba ta san shi sosai ba. Haj kuma ya hana a kashe famfon, ko yana nan ko ba ya nan. Ya ce kogin da ake kashewa ba kogi ba ne.

Ba a yi wata uku ba na ga tsohon yana ƙulla sabuwar igiya a jikin tsohuwa. Bayan wani lokaci ya ƙara wata, ya kuma tsawaita ramin jakin. Wasakin ya fara tasowa da rabi, daga baya da laka. Albasa ta fara tafiya, sha'ir ya bi ta. Ni ban buƙaci a yi mini bayani ba. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasar nan ba shi da damina, ba shi da baƙin ruwa da zai iso daga yamma. Ajiya ce ta tun zamanin da ba wanda ya sani, kuma famfon da na ɗaura yana jan ta daga ƙasa, ruwan da ke sama-sama, irin na rijiyar tsohon, yana bin ta.

"Ɗana," ya ce mini wata rana, "kai da ka san ruwa, ina nawa ya tafi?"

Na ce masa zan yi magana da Haj.

Na je da shawara biyu. Ta farko, a gina tafki a ƙasa, famfo ya riƙa mayar da ruwan sama, ruwa ɗaya ya yi ta zagayawa, a bar na rijiya ya huta.

Haj ya dube ni kamar na zage shi. "Kai ka ga kogi da yawa. Wanne ka gani yana komawa baya? Baƙona ya yi alwala da ruwan jiya?"

Na ce to ga ta biyu, wadda ba za ta taɓa kogin ba. Maimakon a zubar da ruwan a kwarin gishiri, a juya wutsiyarsa ta bi ƙarƙashin katanga zuwa lambun tsohon. Bututu kaɗan ne, muna ma da ragowa.

Nan ya natsu, ya sa aka kawo mini shayi, ya yi mini magana a hankali kamar mai koya wa baƙo hanya. Ya ce a al'adarsu, ruwa idan ya bi gonar mutum da yardar mai shi, mutane suka shaida, to ya zama yana da rabo a ciki, kuma rabon gado ne. "Ni in mutu, shi ya mutu, jikansa ya kai jikana gaban alƙali. Gishiri ba ya kai ƙara, usta."

Da zafi ya tsananta ya kwashe iyalinsa suka tafi bakin teku, ya bar ni da kula da inji. Ni da Bazabarme muka haƙa rami siriri daga ƙarshen magudana, muka binne bututu, muka fito da bakinsa a cikin kwamin tsohon. Kwana biyu muka yi. Bazabarme ya ce wannan ne aikin hankali na farko da ya ga Bagobiri ya yi, kuma ko shi sata ne.

Tsohon ya tsaya yana kallon ruwan yana cika kwami. Bai taɓa shi ba.

"Haj ya sani?"

"Ya sani, Baba."

"Da bakinsa ya faɗa?"

Na san in na ce a'a zai sa in toshe bututun a take. Na ce, "Da bakinsa."

Sai ya durƙusa ya sa hannu, ya yi wa Haj addu'a mai tsawo, da iyayensa da 'ya'yansa. Na ce amin.

Wata huɗu lambun ya dawo da rai. Ya sake shuka, jakin ya huta har ya yi ƙiba, dabino ya yi nauyi a sama. Ni kuma na yi ta gaya wa kaina cewa in Haj ya dawo zan san yadda zan lallaɓa shi, ko kuma ba zai taɓa lura ba, tunda bai taɓa zagayawa bayan dutse ba. Abin da ban yi tunani ba shi ne tsohon mutumin kirki ne, kuma ya san al'adar garinsu fiye da ni.

Kwana biyu da dawowar Haj, da hantsi, ina zuba wa faifan man giris, sai na hango tsohon ya shigo ta babbar ƙofa. Ya yafa farin bargonsa na zuwa masallacin Juma'a. Dattawa biyu na biye da shi, jakin kuma na ɗauke da kwando biyu na dabinon farko. Haka ake yi a wurinsu: wanda aka ba ruwa yakan kawo nunan fari gaban shaidu ya yi godiya. Na ajiye gwangwanin giris.

Da Larabci ya yi jawabinsa, a tsaye, a gaban rumfa. Ya ce maƙwabci irin Haj sai an tona. Haj ya saurara har ƙarshe, fuskarsa ba ta motsa ba. Sannan ya juya ga dattawan nan biyu ya ce, da murya mai taushi, su shaida shi bai ba da ruwa ba, bai yi izini ba, bai ma sani ba, kuma ba zai karɓi ko ƙwayar dabino ɗaya ba. Ya sa suka maimaita. Sai ya ce, "Usta, zo."

Na zo. Bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni inda bututun yake, na nuna. Ya ce in ɗauko zarto.

Tsohon bai dubi Haj ba, ni ya duba, ya koma Hausa don kada sauran su ji.

"Ɗana, wata huɗu da ruwan sata nake alwala?"

Na san harsuna biyar, babu wanda ya zo mini da kalma.

Zan so in rubuta cewa na jefar da zarton. Na tuna akwatin da fasfona yake ciki, na tuna motar da ake loda marasa takarda a kai su iyaka, na durƙusa na tone ƙasa na yanke bututun a gaban shaidu. Bazabarme ya kwaɓa siminti ya toshe bakin, bai tsokane ni ba, kuma daga ranar bai sake kirana bawansa ba. Tsohon ya juya jakinsa da kayansa ya fita. Na ji daga baya cewa bai sayar da dabinon shekarar ba kuma bai ci ba, ya rabar da shi duka, ya kuma je wurin malami yana tambaya ko zai rama sallolinsa.

Na je ba shi haƙuri. Ya karɓe ni, ya ce ya yafe, amma bai dafa shayi ba.

Dabino ba ya mutuwa da sauri, shi ya sa kallonsa ya fi ciwo. Rijiyar ta ƙafe ƙaf kafin sanyi ya wuce. Shekara ta gaba ganyen ƙasa suka bushe suka rataya, 'ya'yan suka fito ƙanana kamar tsakuwa. A shekarar da ta biyo kawunan suka fara karyewa ɗaya bayan ɗaya, kututturan suka tsaya tsirara. Duk wannan lokacin kogin yana zuba dare da rana, ni ke sa masa giris, fitilun rumfa suna ci ko da kowa ko babu. A ƙasashen da na zauna na ga an nutsar da gonaki don birane su sami haske, na ji zafin abin, amma aƙalla akwai asibitin da aka haska da masaƙar da ta ɗauki ma'aikata. Nan an kashe lambun kaka da kakanni saboda ƙwayayen fitila da ba su kai a karanta wasiƙa a ƙarƙashinsu ba.

Ɗan tsohon ya zo da mota ya ɗauke shi zuwa benen. Ba a daɗe ba Haj ya sayi filin a hannun ɗan, ya sa aka rushe katangar, aka sare kututturan. Babu ma mai son su don rufin ɗaki, kowa ya koma siminti da rodi, sai aka tara su aka cinna musu wuta.

Da aka share wurin ya kira ni. Ya ce yanzu tunda ƙasar tasa ce, babu jikan kowa a ciki, yana so a juya wutsiyar kogin ta bi ta nan, ya shuka ciyawar ado irin wadda ya gani a Turai, warin kwarin can ma ya fara damun baƙinsa.

Ni na auna masa gangaren. Ruwan ya bi ta kan tokar ya wuce ta bakin busasshiyar rijiyar. Da na gama na roƙi fasfona, ya ba ni ba musu, har ya ce in na sami wani mai son kogi in gaya masa shi Haj ne ya fara.